Ranar Donot, Ranar Bahagwai, Ranar Ƙarya: Amsa Ga Ɗalibin Da Ke Shirin Tahowa Amurka Daga Kano

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama BUK, ka samu gurbin digiri na biyu a Amurka, kuma kullum ka buɗe waya sai ka ga an rubuta yau ranar kaza ce ta ƙasa: ranar donot, ranar kyanwa, ranar bahagwai, har ka fara mamakin yaushe mutanen nan suke aiki. Kana son sanin ko hutu ake yi, ko dole ne ka shiga, da kuma ko akwai abin da zai taɓa addininka.

Kwantar da hankalinka, yawancinsu ba ruwan gwamnati da su. Akwai wani kamfani mai zaman kansa a garin Mandan na jihar North Dakota, sunansa National Day Calendar, tun 2013 yake tattara irin waɗannan ranaku, 'yan kasuwa da ƙungiyoyi kuma suna neman ya saka nasu. Shi ya sa za ka ga rana ɗaya tana ɗauke da suna uku ko huɗu. Ranar bahagwai, 13 ga Agusta, tun 1976 ake yin ta, amma ba a taɓa ɗage wa bahago jarrabawa saboda ita ba. Ta 19 ga Satumba, wadda ake kwaikwayon maganar 'yan fashin teku, abokai biyu ne suka ƙirƙire ta a jihar Oregon a 1995 don raha kawai. Idan ka ji abokin karatunka yana gurnani ran nan, lafiyarsa ƙalau.

Waɗanda za su iya ɓata maka shiri su ne hutun gwamnatin tarayya, guda 11 a shekara. Da yawansu ana ajiye su ne ranar Litinin: ta uku a Janairu don Martin Luther King, ta uku a Fabrairu, ta ƙarshe a Mayu, ta farko a Satumba wadda ita ce ranar ma'aikatansu (ba 1 ga Mayu ba kamar gida), da ta biyu a Oktoba. Sai 1 ga Janairu, 19 ga Yuni da aka ƙara a 2021, 4 ga Yuli, 11 ga Nuwamba, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, da Kirsimeti. A irin waɗannan ranaku banki a rufe, gidan waya a rufe, ofishin Social Security, mai ba da lambar shaidar da ake nema wajen aiki, a rufe. Idan kuɗin makarantarka na kan hanya daga Kano kuma wa'adin biya ya faɗo kusa da ɗayansu, ka ƙara kwana biyu ko uku a lissafinka, don kuɗin ba ya motsi sai ranar aiki. Tun ma kafin ka taso, ofishin jakadancinsu na Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas suna rufewa a hutunsu da kuma namu. Inda sababbin zuwa suke faɗawa rami shi ne zaton makaranta ma ta rufe. Jami'o'i da yawa suna yin darasi a hutun Oktoba da na 11 ga Nuwamba. Kalandar jami'arka ita ce alƙali, ka sauke ta a wayarka tun makon farko.

Hutun Alhamis ɗin Nuwamba, wato Thanksgiving, shi ne wanda yunwa ke kama ɗalibin waje a cikinsa. Kowa ya tafi gidansu cin talotalo, ɗakin cin abincin makaranta sau da yawa a rufe ko an rage masa lokaci, manyan kantuna da dama ba sa buɗewa. Ka yi cefanenka tun Talata: shinkafa, ƙwai, mai, albasa, burodi. Idan wani malami ko abokin karatu ya gayyace ka gidansu, ka je, karamci ne, amma ka faɗa masa tun da wuri ba ka cin naman alade kuma ba ka shan giya. Ba sa jin haushin wannan, abin da ke ba su kunya shi ne su dafa ka ƙi ci. Kuma idan kana da niyyar zuwa gida hutun Disamba, a wannan watan za ka kai takardarka ta I-20, wadda makaranta ta ba ka don neman biza, ofishin ɗaliban waje a sa mata hannun tafiya, kafin ma'aikatan su watse.

Ranar 14 ga Maris kuwa tana koyar da abin da ya fi ƙarfin wasa. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka ranar tana fitowa 3/14, wato farkon lambar nan ta da'ira da aka koya mana a sakandare, 3.14. Wani masanin kimiyya, Larry Shaw, shi ya fara bikinta a San Francisco a 1988, daga baya UNESCO ta mai da ita ranar lissafi ta duniya a 2019. Jami'ar MIT ma a ranar ta saba fitar da sakamakon waɗanda ta ɗauka. To ka lura da wannan tsarin rubutun. Wanda aka haifa 5 ga Yuli idan ya rubuta 5/7 a fom, an karanta masa 7 ga Mayu, kuma gyara ranar haihuwa a takardun banki ko na makaranta wahala ce mai zaman kanta. Inda fom ya ba ka dama, rubuta sunan watan da haruffa.

A ranar 14 ga Maris ɗin sassan lissafi da injiniya sukan raba fanken Turawan nan mai ɓawo da ake cusa wa tuffa ko kabewa. Nan maganar halal ta shigo. Wasu suna kwaɓa ɓawon da kitsen alade, a jikin kwali za ka ga an rubuta lard. Ka tambaya, ko ka duba jerin kayan haɗi. Haka alawa mai danƙo da mai laushin nan kamar auduga: idan ka ga gelatin ba tare da tambarin halal ba, ka bar ta, don akasari daga alade ake samo shi.

Ranakun ciye-ciye su ne ribar ɗalibi. Juma'ar farko ta Yuni ranar donot ce, kuma ita tana da asali: ƙungiyar Salvation Army ce ta fara ta a Chicago a 1938 don tunawa da matan da suka riƙa soya wa sojoji donot a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shagunan donot na Krispy Kreme sun saba ba da ɗaya kyauta, Dunkin' kuwa sai ka sayi abin sha. Ranar 11 ga Yuli shagunan 7-Eleven suna ba da ƙaramin kofin abin sha mai ƙanƙara da ake kira Slurpee. Lahadi ta uku a Yuli ta ayis kirim ce, shugaba Ronald Reagan ne ya sa hannu kan sanarwarta a 1984. Ka je da wuri, kafin azahar layi ya yi tsawo, kuma ka sani kyautar tarko ce: an ba ka na dala ɗaya don ka kashe biyar. Karɓi naka ka yi gaba.

Daren 31 ga Oktoba zai tuna maka tashe. Yara suna yin shigar dodanni da fatalwa, suna bin gida-gida ana ba su alawa, tun daga faɗuwar rana zuwa wajen ƙarfe takwas ko tara. Ƙa'idar mai sauƙi ce: fitilar ƙofar gida a kunne tana nufin ku zo, a kashe tana nufin ku wuce. Idan ba ka son shiga, kashe fitila, ba wanda zai ƙwanƙwasa ko ya ce maka don me. Abin da ba na so ka yi shi ne yawo cikin duhu a unguwar da ba a san ka ba, ko ka shiga farfajiyar wani don ɗaukar hoton ƙwarangwal ɗin roba. Tsaya a bakin titi ka ɗauka. Daren 4 ga Yuli kuma ƙarar wasan wuta ce za ta cika gari har tsakar dare, kada ka zaci harbi ne.

Ranar 17 ga Maris, ta Saint Patrick, kowa kore yake sawa, a Chicago har kogi suke rinawa kore tun 1962. Asalinta na Kiristocin Ayalan ne, amma a garuruwan jami'a ta koma ranar shaye-shaye, don haka da yamma ka kauce wa titin mashaya. Ta 2 ga Fabrairu ita ce ta fi ba da dariya. A garin Punxsutawney na jihar Pennsylvania manyan mutane da dogayen huluna suke taruwa da asuba cikin sanyi, su ciro wata dabba dangin kurege amma mai ƙiba, sunanta Phil. Wai idan ta ga inuwarta saura mako shida na hunturu. Tun 1887 ake wannan. Ko me Phil ta ce, kada ka ajiye rigar sanyinka kafin Afrilu.

Ranar 1 ga Afrilu ana shirga ƙarya don wasa, har jaridun ɗalibai da kamfanoni suna shiga. Ba sai ka yi ba, murmushi ya wadatar. Duk labarin da ka gani ranar, ka dakata kafin ka tura shi guruf ɗin 'yan uwa na WhatsApp. Mako biyu bayanta kuwa babu wasa: 15 ga Afrilu ce ranar da aka saba rufe karɓar takardun haraji, kuma ɗalibin waje yana cike fom mai lamba 8843 ko da bai samu ko sisi ba a shekarar.

Akwai Lahadi biyu da ba su da biki amma sun fi kowace rana rikita wa mutum lokaci. Lahadi ta biyu a Maris ana tura agogo gaba da awa ɗaya, Lahadin farko a Nuwamba a dawo da shi. Tazarar Kano da New York awa 5 ce a bazara, 6 a hunturu. Waya tana gyara kanta, agogon hannu da na bango ba sa yi, lokutan sallah kuma suna matsawa a kan agogo, don haka ka sake duba jadawalin masallacinku ran nan.

Sallah dai ba ta cikin hutun tarayya. Makarantun gwamnati na birnin New York suna rufewa ranakun Idi biyu tun bayan sanarwar 2015, amma jami'arka tana iya saka maka jarrabawa ranar da ake hawan Sallah a Kano. Makon farko na zango ka duba takardar tsarin kowane darasi, ka rubuta wa malamin gajeren imel: ranar da ake sa ran Idi, cewa tana iya matsawa da kwana ɗaya saboda ganin wata, da roƙon a ba ka wani lokacin na yin gwajin. Jami'o'i da yawa suna da rubutacciyar ƙa'ida kan uzurin addini, amma sharaɗinta sanarwa da wuri. Wanda ya bari sai ana gobe Sallah ya rubuta, malamin yana da damar ya ce a'a.