Turancin Ingila ko na Amurka, wanne zan sa a wasan sararin samaniya?

TAMBAYA: Salam Malam, ni da abokaina muna wasan nan da ake zama a tebur kowa ya ɗau matsayin wani, mutum ɗaya na jan labari, to ni ne mai jan labarin kuma da Turanci muke yi. Labarin kumbo ne da wasu duniyoyi. Dabaru sun ƙare min, sannan ban san wane Turanci zan sa a bakin mutanen ba, na Ingila ko na Amurka?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai kar ka zaɓa, haɗa su duka ka bari su rikice, rikicin shi ne labarin naka.

Ka ga a majalisar Ingila in an ce za a yi "table" ɗin wata magana nufinsu a kawo ta yanzu a tattauna, Ba'amurke kuwa in ya ji haka ya ɗauka an jingine ta ne. Kwanan wata ma haka, 3/4 wajen Ba'amurke 4 ga Maris ne, wajen Baturen Ingila 3 ga Afrilu. To ka ɗauka kumbo biyu ne suka yi alkawarin haɗuwa a wata tasha, ɗaya ya iso wata guda kafin ɗan'uwansa iskar shaƙa tana ƙarewa, kowa na zargin an yaudare shi, 'yan wasanka ne za su tono inda gizo ke saƙar kafin a fara harbe-harbe.

Kuma kar wani ya ce maka ba zai yiwu ba, a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin Amurka wani da na mita. Wannan ma'auni ne ba harshe ba, amma ciwon ɗaya ne.

Wanda na fi so shi ne ka sa mutane su yi ƙarni biyu ko uku a duniyar Mars, saƙo tsakaninsu da duniyarmu yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ba hira baki da baki, dole Turancinsu ya kama gabansa kamar yadda na Ostireliya ya yi. Sai na'urar fassara ta riƙa cewa ai harshe ɗaya ne ba ruwanta.

Amma don Allah kar ka wahalar da kanka wajen kwaikwayon murya, yana saurin gundurar mutane. Kalma biyar ko shida masu fuska biyu sun isa, ka rubuta a kati ka ɓoye, ka riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya.