Ma'aikacin otal ya buga motata, wa zai biya gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na je walimar biki a wani otal a nan Garwa, ƙasar Kamaru, na miƙa wa ma'aikacinsu makulli ya ajiye mini mota. Garin yin baya ya daki wata motar ya fasa mata fitila, tawa ma ƙofar but ta lotse. Manajan ya ce in nemi kamfanin inshorata. Wa ya kamata ya biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Ɓarna biyu ce a nan, kuma kowace da hukuncinta.

Ta mai ɗaya motar ta fi sauƙi. Kamaru da Cadi duk dokar inshora ɗaya suke bi, wato kundin CIMA, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya ce inshorar dole tana ɗaukar ɓarnar da motarka ta yi wa wani, ko kai ne a sitiyari ko wanda ka ba, kai har wanda ya ɗauka ba da izininka ba. Saboda haka kamfaninka ne zai biya fitilar. Bakanike da dillalin mota da masu binciken lafiyar mota ne kawai aka cire, domin su doka ta ɗora musu yin inshorar sana'arsu.

Taka motar ce abin dubawa. Yawancin mutanenmu inshorar dole kaɗai suke yanka don su wuce jandarma a hanya, ita kuwa ba ta biyan ko ƙusa ɗaya a motar mai ita. Buɗe takardar yarjejeniyar ka karanta. In akwai "dommages" ko "tous risques", wato inshorar da ke ɗaukar ɓarnar motarka kai kanka, kamfani zai turo ƙwararre ya ƙiyasta gyaran, ya biya bayan ya cire kason da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka. In babu, to otal ɗin za ka bi, kuma kana da hujja mai ƙarfi: sashe na 1384 na dokar farar hula ya ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Maganar manajan ba ta wanke su ba. Ni ban ga adalci ba a ce a bar ka da yaron da albashinsa na wata bai kai kuɗin fenti ba, alhali su suka tsayar da shi a ƙofa yana karɓar makullan baƙi. Ka rubuta musu takardar neman diyya, ka tambayi sunan kamfanin da ya yi wa otal ɗin inshora.

Akwai abin da ke iya dagula lamarin: lasin. Ba lallai ne yaron yana da lasin tuƙi ba. In ba shi da lasin, kamfani zai biya wanda aka yi wa ɓarna, amma yana da damar dawowa ya nemi kuɗinsa, sannan gyaran taka motar yana iya ƙin biya. Duk da haka, don Allah kada wani ya ba ka shawarar ka ce kai ne kake tuƙi. In aka gano, hakkinka ya faɗi, ga kuma laifin zamba.

Yanzu dai ka hanzarta. Wa'adin sanar da kamfani yana cikin yarjejeniyarka, doka ta ce kada ya gaza kwana 5 na aiki, kamfanoni da yawa kuma a nan suke tsayawa. Kai musu sanarwar a rubuce, a buga maka hatimi a kwafinka. Haɗa da hotunan motocin biyu, lambar ɗaya motar, sunan ma'aikacin da na shaidu, da rahoton 'yan sanda ko na ma'aikacin kotu mai rubuta shaida. Kada ka kai motar gareji sai ƙwararren ya gan ta.