Amsa: Wane taki zan sa wa alobera ta da ke cikin tukunya?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ganyen alobera ɗinki ya yi laushi bayan kin zuba mata takin zamani na NPK, to gaskiya ba yunwa ke damunta ba, takin ne ya yi mata ƙarfi, wataƙila ma da ruwa da ya yi yawa. Irin waɗannan shuke-shuken masu ajiye ruwa a ganye ba su da ci sam.

Ni kashin awaki nake sa wa tawa, amma wanda ya bushe ya ruɓe sosai har ya koma kamar ƙasa ba wari, sai in barbaɗa kamar cokali 2 a saman tukunyar nesa da gindin, duk sanda aka yi ban ruwa yana narkewa a hankali yana sauka wajen saiwa, sau ɗaya a farkon damina ya wadatar. Ɗanyen kashin kaji kam kar ki soma, ƙona saiwa yake yi, na taɓa asarar tukunya guda a haka wallahi.

Yanzu dai ki tumɓuke ta, ki yanke saiwar da ta ruɓe, ki bar ta a inuwa kwana 3 sannan ki mayar cikin sabuwar ƙasa mai yashi da yawa. Tukunyar tana da huji a ƙasa kuwa?