Ƙoƙon bayan kunkurunmu ya tsage, mu liƙe shi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na saya wa ɗana kunkuru a wajen wani mutum kusa da kasuwar Kejetia. Da muka zo gida sai na ga tsaga a ƙoƙon bayansa ta wajen wutsiya, har wurin yana motsi. Maƙwabcinmu ya ce a liƙe da gam, a huda gefen ƙoƙon a ɗaura igiya don kada ya ɓace. Kwana 4 ke nan bai ci komai ba, hankalina ya tashi. Wata uwa daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki kuma ajiye gam ɗin nan. Yadda kika kwatanta, kunkurun kurmi ne daga dangin da masana ke kira Kinixys. Tsagar nan halittarsa ce, gaɓa ce da yake rufe bayansa da ita ya ɓoye ƙafafu da wutsiya idan ya tsorata. Kika liƙe ta, kin naƙasa shi.

Maganar hudawa kuwa, wallahi ta ishe ni. Kullum sai an kawo mini kunkuru da waya a ƙoƙo, wurin ya ruɓe yana wari, mai shi kuma ya ce ai ba ya jin zafi. Wa ya gaya musu? Mutane sun ɗauka ƙoƙon kamar ƙwarya ce aka kifa masa. Ƙashi ne mai rai, akwai jini da jijiyoyi a ciki. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, huhunsa kuma yana ƙarƙashi daf da shi. Wanda ya sa ƙusa a wurin, ƙashin dabba ya huda tana ji, don dai ba ta da bakin kuka ne. Ƙwayoyin cuta su bi ramin, ciwon ya yi watanni yana ci a hankali, ranar da ya mutu a ce kwanansa ne ya ƙare. Haka masu shafa masa fenti ko baƙin mai wai don ya yi sheƙi. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ban ga inda aka cire kunkuru daga wannan amana ba.

Maimakon igiya, ki kewaye masa wuri a inuwa, kamar mita 2 tsawo da mita 1 faɗi, da bulo jeri biyu, a rufe saman da raga saboda ɓeraye da karnuka, kuma ya iya hawa fiye da yadda ake zato. Kada ki bar shi a kan siminti, ranar tsakar gida za ta kashe shi. Ki zuba ƙasa mai danshi da busassun ganye da yawa ya riƙa kutsawa ciki. Ruwa a faranti mara zurfi, iya haɓarsa. Shi ba kififiya ba ne, baho cike da ruwa zai iya nutsar da shi. Lokacin hunturu a yayyafa ruwa safe da yamma.

Rashin cin nan yawanci tsoro ne da ƙishirwa. A daina ɗaukarsa, a jiƙa shi minti 20 kullum cikin ruwa mai ɗan ɗumi. Da magariba a ajiye masa tana, katantanwa da nunanniyar gwanda, ban da dokunu da burodi. Ɗanki ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa shi. Idan idanunsa sun kumbura, ko hanci na kumfa, ko ya kai mako 2 bai ci ba, ki kai shi asibitin dabbobi.