Amsar tambayar Baffa: yadda Rashawa suka ji da rashin aiki lokacin korona

Baffa, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce ka ji ana cewa Rashawa ko a jikinsu da korona ta cinye ayyuka. Sun ji jiki, Baffa, sai dai ba inda ya fi yi mana ciwo ya yi musu ba.

A nan Rasha ba a cika korar ma'aikaci kai tsaye ba. Ƙarshen Maris 2020 Putin ya ba da hutun dole tare da albashi, aka yi ta ƙara wa'adi har 11 ga Mayu. To mai shagon aski ko gidan abinci, daga ina zai biya? Sai a sa ma'aikaci ya rubuta takardar neman hutu ba albashi, wai da son ransa, ko a tsayar da kuɗin da ake miƙa masa a ambulan, wanda dama ba ya cikin takarda. Shi ya sa a lissafin hukuma rashin aiki bai wuce kashi 6.4 cikin ɗari ba a Agusta, alhali aljihun jama'a ya fi haka bushewa. Gwamnati ta ɗaga mafi yawan kuɗin da ake ba marasa aiki zuwa rubul 12,130 a wata, ta kuma ba iyaye 10,000 kan kowane yaro. A Mosko wannan ko hayar ɗaki ba ya biya.

Abin da ya rufa musu asiri tsohon tanadi ne. Da yawa gidan da suke ciki nasu ne, tun rabon gidajen gwamnati bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Ga fanshon kaka da ba ya yankewa, ga ɗan lambu da bukka a bayan gari. Maƙwabciyata, da aka rufe shagon da take aiki, can ta tare, ta dawo da buhunan dankali da kwalaben kokwamba jiƙe a ruwan gishiri, ta jere su a baranda har zuwa taga.

Inda abin ya ci su shi ne kaɗaici. Barashe ba shi da majalisar ƙofar gida, yawancin abokan hirarsa a wurin aiki suke. Kuma namiji a nan ba ya kai kuka, sai ya kulle ƙofa ya haɗiye, wani ya koma wa kwalbar giya. Ni a ganina wannan ya fi rashin kuɗin rage musu jin daɗin rayuwa.

Mu Hausawa 'yan tsiraru ne, galibi ɗalibai, ba lambu ba fansho, tallafin kuma na 'yan ƙasa ne. Azumi ya same mu a kulle, masallatai a rufe. Karo-karo muka riƙa yi ta WhatsApp, mai hali ya biya wa wanda kuɗin gida ya yanke masa. Duk da haka mun fi leburorin Tajikistan da Uzbekistan dama-dama, don su an tsayar da gine-gine, an rufe iyaka, ba aiki ba hanyar komawa gida.

A gaishe mini da Inna da yara.