Amsa ga mai tambaya kan wariyar launin fata a Mastodon da Bluesky

Salamu alaikum Malam. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, cewa ka gaji da zagin da ake wa baƙar fata a X (tsohon Twitter), kana so ka koma Mastodon ko Bluesky, wai an ce maka can ba wariya tunda ba attajiri ɗaya ke riƙe da wurin ba. Na ga wasu sun ce maka ka koma kawai, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa maka abin da idona ya gani, don ni na yi wannan ƙaurar.

Na buɗe akawun a Mastodon a Nuwamban 2022, 'yan makonni bayan Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44, lokacin mutane na ta tururuwa can. Abin da ban gane ba a ranar, kuma shi ne gaba ɗayan maganar, Mastodon ba gida ɗaya ba ne, unguwanni ne birjik, kowace unguwa ana ce mata saba (server), da mai kula da ita da dokokinta, suna dai jin juna ne ta wani tsari da ake kira ActivityPub. Eugen Rochko da ya ƙirƙiro shi a Jamus a 2016 ba shi da ikon korar kowa daga sabar wani. To kaga zaman lafiyarka yana hannun mai unguwar da ka sauka a wurinsa.

Ni na sauka a wata saba ta masu aikin kwamfuta, da sunana da hotona. Wata biyu lafiya lau, mutane masu kirki, ka yi tambaya su amsa maka dalla-dalla. Sai ranar da na rubuta abin da ya same ni a nan Ingila inda nake karatu, na je duba ɗakin haya mun gama magana da mai gidan ta waya, yana buɗe ƙofa ya ga fuskata ya ce ai an riga an kama. Layi huɗu kawai na rubuta, raina a ɓace. Amsar farko da ta shigo ba jaje ba ce, wani ne cikin ladabi yake cewa don Allah in riƙa sa CW a irin wannan rubutun. CW wani labule ne da ake rufe rubutu da shi sai wanda ya ga dama ya latsa ya karanta, an yi shi ne don abubuwa masu tayar da hankali. Wato abin da aka yi min da rana tsaka shi ne zan lulluɓe don kar ya dame shi yana shan shayi. Wlh wannan ya fi ci min rai a kan wanda ya biyo baya.

Wanda ya biyo baya kuwa zagi ne tsagwaronsa, kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita a Amurka, hoton biri, ka koma inda ka fito, daga wasu sabobi da ban taɓa jin sunansu ba. Da na yi magana a fili sai mutane suka fara cewa su shekara biyar suna nan ba su taɓa ganin haka ba, in kawo hujja. Da farko na ɗauka rainin hankali ne, daga baya na gane da yawansu gaskiya suke faɗa, ba su gani ɗin ba. Sabar da suke ta riga ta toshe waɗancan mugayen sabobin, tawa ba ta toshe ba, don haka ni ina ganin zagin a ƙarƙashin rubutuna su suna ganin wurin fes. Ga kuma dabarar da masu zagin ke yi, su saita amsar yadda sai ni da mabiyansu kaɗai za mu gani. Ana dukanka a tsakiyar kasuwa kuma babu mai ganin sandar, wannan ita ce wahalar wurin. Na kai ƙara wajen mai kula da sabar, mutum ɗaya ne tal yana yi kyauta bayan ya taso daga aiki, sai bayan kwana huɗu ya amsa, kuma abin da ya ce shi ne in toshe su da kaina ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ba a kaina aka fara ba. Akwai saba ta baƙar fata mai suna PlayVicious da tsangwama ta yi wa yawa har aka rufe ta tun kafin zuwanmu. Maudu'in #FediBlock da masu sabobi ke sanar da juna miyagun wurare da shi, daga hannun Marcia X ya fito, baƙar fata, saboda irin wannan cin mutuncin. Gaskiya ɗaya dai, da shafin Gab na masu tsattsauran ra'ayi ya koma amfani da manhajar Mastodon a 2019, sabobi da yawa sun haɗa kai sun toshe shi. Kenan in an so ana iyawa, son ne ba kullum ake samu ba.

Wani abin da ya kori 'yan Black Twitter, wato dandazon baƙar fata na Twitter, daga Mastodon shi ne rashin damar ɗauko rubutun wani ka ɗora naka a kai, wanda da shi ake raha, da shi kuma ake nuna wa jama'a mai zagi. Rochko ya daɗe yana ƙin sa shi wai yana jawo taron dangi, sai a 2025 aka kawo.

Bluesky ma ba ta tsira ba. A Yulin 2023 an gano wani ya yi rajista da waccan kalmar zagin a matsayin sunansa kuma tsarin bai hana ba, aka yi ta ca. Amma can ne Rudy Fraser ya gina Blacksky, wanda ya fara a matsayin zauren da ke tattaro rubutun baƙar fata, da masu tace zagi na kansu, har ya kai ga kafa nasu sabobin. Ni a can na fi samun sakewa, don masu gadin ƙofar sun san zagin ko an lulluɓe shi, ba sai na tsaya ina musu bayani ba.

In Mastodon ɗin kake so, kar ka yi rajista sai ka buɗe shafin bayanin sabar ka karanta dokokinta, ka ga ko sun ambaci wariyar launin fata ƙarara, ka duba jerin sabobin da suka toshe in sun bayyana shi, ka tambaya mutum nawa ke sauraron ƙara. Saba mai mutum dubbai da mai kula ɗaya, ka wuce ta. Kuma ka yi zaɓin tun farko, don in ka tashi ƙaura mabiyanka za su bi ka amma tsofaffin rubutunka ba sa bi, ni na bar na wata bakwai a baya. Wadda nake yanzu ƙarama ce, na kai ƙara sau biyu kuma duka kafin gari ya waye an toshe sabar masu zagin gaba ɗayanta. In kana so ka taɓa ni ta inbos in turo maka sunanta.