Za a mai da bakin hanyarmu wurin kasuwanci, muna da ikon hanawa?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Gidana yana bakin wata babbar hanya a gefen gari, kuma unguwar zama ce tun da na saya. Yanzu hukumar tsara gari ta fito da shirin faɗaɗa hanyar, za a kuma ba da izinin gina shaguna da benaye a duk tsawonta. Ba wanda ya nemi yardarmu. Maƙwabta sun ce mu haɗa kuɗi mu kai ƙara, tunda takardunmu sun nuna wurin na zama ne. Za su iya yi ba da sa hannunmu ba? Kuma rushe mana gidaje za a yi?

Amsa: Malam, takardunka da taswirar shirin ba sa gabana, kuma dokar tsara gari kowace ƙasa da tata, wani wurin ma kowace jiha. Ka ɗauki bayanina a matsayin haske kafin ka zauna da lauyan da zai karanta su.

Ina ganin maƙwabtanka sun ɗauki abin a baibai. Takardar mallaka tana ba ka iko a kan filinka, daga wannan iyaka zuwa waccan. Ba ta yi maka alkawarin unguwa za ta dawwama yadda ka same ta ba. Rubutun da ya ce wurin na zama ne, galibi kai aka ɗaure da shi, don a iyakance abin da za ka gina. Hukumar da ta tsara jiya tana iya sake tsarawa yau, kuma a yawancin ƙasashe doka ba ta ce sai da sa hannun masu gidaje ba. Abin da ke kanta shi ne ta sanar da ku, ta ba ku lokaci, ta saurare ku. Sauraro kuwa daban, bin abin da kuka ce daban.

Kotuna sun daɗe a kan wannan matsayi. A wata shari'a da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1926, wani kamfani ne ya kai garin Euclid ƙara, yana cewa tsarin da garin ya yi ya zubar da wajen kashi uku cikin huɗu na darajar filinsa. Kotu ta ba garin gaskiya. A Ingila, tun dokar 1947 sabon gini sai da izinin hukuma. Wanda aka hana izini yana iya ɗaukaka ƙara, amma maƙwabcin da bai ji daɗin izinin da aka ba wani ba, ba shi da wannan damar. Iyakarsa ya roƙi kotu ta duba ko an bi ƙa'ida, shi ma cikin mako 6. Wani abu guda da zai iya taimaka muku: idan wanda ya yanka filayen unguwar tun farko ya sa wa kowa sharaɗin zama kawai, wani lokacin maƙwabci yana iya riƙe maƙwabcinsa da shi, ko da hukuma ta canza tsari. Na ce wani lokacin, don irin wannan sharaɗi yakan mutu idan an daɗe ana karya shi ba wanda ya tanka.

Maganar rushewa kuma, kun haɗa abu biyu wuri ɗaya. Canza tsarin unguwa ba ya fitar da kowa daga gidansa. Gidan da aka gina bisa ƙa'ida yakan ci gaba da zamansa, sai dai ranar da ka so ƙara ɗaki ko sake gini, a lokacin sabuwar dokar za ta iya hawa kanka. Inda harajin gida yake bin darajar wuri, shi ma yana iya tashi.

Faɗaɗa hanyar ce ya kamata ta hana ka barci. A taswirar akwai layin da ke nuna inda sabuwar hanya za ta tsaya. Ka sa safiyo ya ɗora shi a kan awon filinka, ka san ko ya tsaya a bakin ƙofa, ko ya ci katanga, ko ya shiga har falo. Idan ya shiga, to karɓar fili ake nufi, kuma wannan yana da tasa sanarwar da tasa diyyar. Hana karɓar da wuya, domin hanya amfanin jama'a ce a idon kowace doka. A shari'ar Kelo ta 2005, Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 a kan 4, ta yarda a karɓi gidaje don raya tattalin arzikin gari ma, balle hanya, ko da yake jihohi fiye da 40 sun tsaurara dokarsu daga baya. Don haka idan za a karɓi fili, a kan yawan diyya ake kokawa. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon soke haƙƙin zama a fili saboda buƙatar jama'a, diyyar kuma a kan abin da aka gina ko aka shuka take, ba a kan ƙasar ba. Ingila kuwa tana da dokar 1973 da ke biyan mai gida idan hayaniya ko hayaƙin sabuwar hanya sun rage darajar gidansa, ko da ba a taɓa masa fili ba. Ba ko'ina ake da irinta ba. Idan rabin filin za a yanka, ka nemi a lissafa har da lahanin da sauran ya samu. Gidan da ƙofarsa ta koma buɗewa kai tsaye a kan kwalta ba kuɗinsa ɗaya da na da ba.

Kotu fa? Ban ce kada ku je ba. Idan ba a yi sanarwa ba, ko an tsallake zaman jin ra'ayin jama'a, ko an ware fili ɗaya an canza masa tsari don a daɗaɗa wa wani, ko mai hannu a yanke hukuncin yana da kaso a aikin, kuna da abin faɗa. Amma alƙali ba zai duba ko shirin yana da kyau ba. Sau da yawa babbar nasarar ita ce a ce wa hukuma ta koma ta sake, ta sake ɗin kuma, ta fito da abin da ta fito da shi a farko, ku kuma kuɗinku sun tafi.

Da ni ne, kuɗin da za a haɗa sai a ba safiyo da mai ƙiyasin kadara, a rubuta ƙorafi guda kafin wa'adi ya cika, a karɓi shaidar an miƙa. Ku je ofis ku tambayi ranar da kanku, don wasu hukumomin sun ƙware wajen liƙa sanarwa inda ba mai gani, sannan su ce an sanar. “Ba mu yarda ba” ba ya motsa kowa. Ku faɗi abin da kuke so: iyakar hawan benen da zai jingina da gidaje, tazara tsakaninsa da katangarku, tagogin da ba za su leƙa tsakar gida ba, magudanar ruwa, wurin ajiye motoci, lokacin sauke kaya. Waɗannan ana samunsu a teburin sulhu, musamman ma da yake mai kwangila ya fi ku tsoron jinkiri. Duk abin da aka amince a sa shi cikin sharuɗɗan izinin gini. Alkawarin baki a wurin taro, kowa yana iya yinsa.

Dillalai ma za su fara ƙwanƙwasa ƙofa, idan ba su riga sun fara ba, domin irin wannan canji yakan ɗaga kuɗin filin bakin hanya. Idan an kawo maka takarda da ɗan kafin alƙalami, aka ce ta nuna sha'awa ce kawai, kada ka sa hannu sai lauya ya gani. Wasu irin waɗannan takardun suna hana ka sayar wa kowa na tsawon lokaci, a kan farashin da aka yanke tun kafin tsarin ya fito.